Tukunya Ɗaya: Dariya, Tsoro da Hawaye a Finafinan Italiya

A wani fim na 1958 mai suna I soliti ignoti, wasu ƙananan ɓarayi na birnin Rum sun ɓata makonni suna ƙulla yadda za su fasa babban gidan jingina na garin. Dabararsu ita ce su shiga gidan da ke manne da shi cikin dare, su huda bango, su faɗa kan akwatin kuɗi. Har wani tsohon gwanin fasa akwati suka ɗauko ya ba su darasi a saman soro. Daren ya zo, suka yi ta fama da bango, gumi na zuba, sai da asuba ta gabato bangon ya rufta. Da ƙura ta lafa sai suka ga ashe kicin ɗin gidan da suke ciki suka ɓullo. Dattijon cikinsu ya lalubo tukunyar taliya da wake da aka ajiye, suka ja kujeru suka zauna, suka cinye ta tas.

Shekara goma kafin wannan, Vittorio De Sica ya shigar da mu irin wannan gidan jinginar ta ƙofar gaba. A fim ɗinsa Ladri di biciclette, wato ɓarayin keke, Antonio ya samu aikin manna fosta bayan dogon zaman kashe wando, da sharaɗin sai yana da keke. Kekensa kuwa yana jingina. Matarsa Maria ta yaye zannuwan gadonsu, ta wanke, ta kai aka karɓa, aka fanso keken. Antonio na tsaye yana leƙe ta taga, ma'aikaci ya ɗauki ƙunshin zannuwan ya kama hawan kanta. Kyamara ta bi shi sama, sai ga ƙunshi bisa ƙunshi har rufi, zannuwan gadon dubban gidaje. Ba wanda ya ce uffan a wannan fitowa, amma duk wanda ya taɓa ganin mahaifiyarsa ta fitar da kwallarta ko ɗan kunnenta don a ci abinci ya san abin da aka faɗa.

Fim ɗin De Sica yana cikin kowane jerin manyan finafinan duniya, ana koyar da shi a jami'o'i. Na Mario Monicelli, mai ɓarayi da tukunyar taliya, an daɗe ana ɗaukarsa abin nishaɗi kawai. Finafinan ban tsoro kuma su ne 'yan bora, waɗanda masu sharhi suka yi shekaru suna toshe hanci in an ambace su. Ni wannan rabon gado bai taɓa kwanta mini ba. Duk wanda ya zauna ya kalli finafinan Italiya na tsakanin 1945 da 1980 zai ga cewa hannu ɗaya ne ya tuƙa su, a tukunya ɗaya, kuma abin da ke cikin tukunyar bai sauya ba: yunwa, iyali, da tsoron abin da mutane za su ce. Ina ma ganin cewa gaskiyar da ta fi ɗaci, ta bakin masu barkwanci Italiya ta faɗe ta.

A duba mafarin abin. Musolini ne ya buɗe Cinecittà a 1937, katafaren sutudiyo a gefen Rum, don ya san amfanin majigi wajen juya tunanin jama'a. Da yaƙi ya ƙare, sutudiyon ya koma sansanin 'yan gudun hijira. Roberto Rossellini ya fita titi da ragowar fim ɗin ɗaukar hoto da ya tsinto nan da can, ya yi Roma città aperta a 1945, labarin Rum a hannun sojan Jamus. Wa ya ɗauko ya ba manyan matsayi biyu na wannan fim mai sa kuka? Anna Magnani da Aldo Fabrizi, dukansu 'yan dandalin barkwanci da raye-raye. Magnani ce matar da ta bi motar soja da gudu tana kiran sunan wanda za ta aura, aka harbe ta a tsakiyar titi gaban ɗanta. Fabrizi ne limamin cocin da aka ɗaure a kujera aka bindige, yara na kallo ta bayan waya. A cikin marubutan labarin akwai wani saurayi mai zanen barkwanci a jarida, Federico Fellini. Tun ranar farko ke nan, masu ba da dariya ne suka ɗauki gawar.

Gwamnatin bayan yaƙi ba ta ji daɗin wannan salo na nuna tsiraicin talauci ba. Giulio Andreotti, wanda daga baya ya yi firaminista har sau bakwai, shi ke riƙe da harkar silima a lokacin. Dokar 1949 da ake kira da sunansa ta tallafa wa finafinan gida da kuɗi, ta kuma ba hukuma igiyar da za ta ja: ana iya hana fim rance, ana iya hana shi fita waje in an ga ya zubar wa ƙasa mutunci. Da De Sica ya fitar da Umberto D. a 1952, labarin tsohon ma'aikaci da fanshonsa ba ya biyan kuɗin haya, ba shi da kowa sai karensa, Andreotti ya fito a rubuce ya zarge shi da yi wa ƙasarsa mummunan aiki. Fim ɗin bai yi kasuwa ba. Su ma 'yan kallo sun gaji da biyan kuɗin tikiti su ga wahalar da suka baro a gida.

To, ruwa in an tare shi gaba, ta gefe yake bi. A 1951 Monicelli da abokin aikinsa Steno suka yi Guardie e ladri, ɗan sanda da ɓarawo. Ɓarawon shi ne Totò, ɗan Napoli mai karkatacciyar haɓa, wanda ya yi finafinai kusan ɗari kafin rasuwarsa a 1967, talakawa na ƙaunarsa, masu sharhi na raina shi, kamar dai yadda aka yi wa marigayi Rabilu Musa Ibro da 'yan camama a nan gida. Ya damfari wani Ba'amurke da jabun tsohon kwabo, ɗan sanda ya kama shi, ya sulale. Aka ce wa ɗan sandan ko ya kawo shi cikin wata uku ko ya rasa aikinsa. Garin farauta sai iyalan biyu suka saba, suka zama kamar 'yan uwa, domin dukansu abu ɗaya ke hana su barci, wato abin da za a ɗora a murhu gobe. A ƙarshe ɓarawon ne ke jan hannun ɗan sandan zuwa caji ofis, bayan sun ɓoye wa mata da yara abin da ake ciki. Ɗan sandan nan Aldo Fabrizi ne, limamin da aka bindige a fim ɗin Rossellini. Wanda ya riƙe kyamara kuwa sunansa Mario Bava. A riƙe wannan suna.

Daga nan salon da ake kira barkwanci irin na Italiya ya kafu, kuma alamarsa ita ce mutuwa tana zaune a cikinsa. A fim ɗin ɓarayin nan na 1958, ɗaya daga cikinsu ya yi yunƙurin fizge jakar wata mata, jirgin titi ya take shi, abokansa suka je jana'iza, sannan aka ci gaba da ba da dariya. A La grande guerra na 1959, Monicelli ya ɗauki Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda hukuma ta mayar abin alfahari da ba a taɓawa, ya ba da labarinsa ta kan matsorata biyu, Alberto Sordi da Vittorio Gassman, masu neman kowace kafa ta gudu, har sojan Austiriya suka kama su suka harbe. Fim ɗin ya raba Zakin Zinariya na bikin Venis da wani fim na Rossellini. Dino Risi, wanda likitanci ya karanta kafin ya shiga harkar, ya yi Il sorpasso a 1962, lokacin da arziki ya fara shigo wa Italiya, kowa na sayen mota da firji. Gassman ne cikin buɗaɗɗiyar Lancia, yana danna ham, yana wuce kowa a hanya, ya ɗauko wani ɗalibin lauya mai kunya yana koya masa cin duniya. Kusan awa biyu kana dariya. A minti na ƙarshe motar ta kauce wa babbar mota ta faɗa kwazazzabo, ɗalibin ya mutu, shi kuwa matuƙin ya tsira, kuma ko sunan mahaifin yaron bai sani ba da ɗan sanda ya tambaye shi.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Divorzio all'italiana na Pietro Germi, 1961, saki irin na Italiya. A lokacin babu saki a dokar ƙasar. Amma akwai sashe na 587 na kundin laifuffuka, wanda ya ce wanda ya kashe matarsa ko 'yarsa ko 'yar uwarsa a cikin fushin kama ta da wani, don kare mutuncinsa, ɗaurin shekara uku zuwa bakwai ne hukuncinsa, alhali kisan kai na yau da kullum ba ya gaza shekara 21. Marcello Mastroianni ya fito a matsayin wani ɗan sarautar Sisili da arzikin gidansu ya kare, gashi a kwance da mai, sigari a baki, yana son ya rabu da matarsa ya auri 'yar ƙanwar babansa mai shekara 16. Ya zauna ya yi lissafi: saki ba hali, kisa kuwa da rangwame. Sai ya shiga nema wa matarsa kwarto da kansa, ya jawo tsohon masoyinta cikin gida, ya ɓoye rikoda. Da matar ta gudu, gari duka ya sa shi gaba, ana ƙaurace wa danginsa, ana tofa masa yawu, har sai ya je ya wanke sunan gidansu da jini. Ya kashe ta, aka ba shi shekara uku, ya dawo jama'a na yi masa maraba. Germi bai ɗora laifin a kan mutum ɗaya ba. Ya nuna lauya, ya nuna malamin coci, ya nuna mazan da ke zaman majalisa a dandali, kowa da hannunsa a ciki. Da a ce wa'azi ya yi, da an ce ɗan arewa ne ya zo zagin mutanen kudu. Da ya sa su dariya sai suka cika silima, fim ɗin ya kuma ci Oscar na rubutun labari. Ba zan ce fim ne ya sauya doka ba, domin mata da 'yan siyasa sun yi gwagwarmaya mai tsawo: an halatta saki a 1970, ƙuri'ar raba gardama ta tabbatar da shi a 1974, sashe na 587 kuwa sai 1981 aka soke shi. Amma dokar da jama'a suka riga suka yi wa dariya a bainar jama'a, kare ta yana wuya.

Mu koma kan Bava. Zamanin Musolini ba a yin fim ɗin ban tsoro a Italiya. Sai da Riccardo Freda ya fara I vampiri na 1957, ya yi fushi ya bar aikin, mai ɗaukar hotonsa Bava ya ƙarasa. A 1960 Bava ya yi nasa na kansa, La maschera del demonio, wanda ya buɗe da wata mata da aka yanke wa hukuncin maita, aka kafa mata fuskar ƙarfe mai ƙusoshi da guduma. Ingila ta hana nuna shi har 1968. Bava ba shi da kuɗin Amurkawa. Madubi, hayaƙi, gilashin da aka yi wa zane da fitilu masu launi su ne jarinsa, kuma da su ya gina fadoji da kaburbura a ɗan lungun sutudiyo. Shi ne kuma ya aza harsashin salon da suke kira jallo, wato rawaya, sunan da ya samo asali daga launin bangon littattafan binciken kisa da kamfanin Mondadori ya fara bugawa a 1929: makashi mai baƙar safar hannu, fuska a rufe, da wani bako da ya ga abin da bai gane ba.

Yadda masana'antar ke tafiya shi ya haɗa waɗannan mutane wuri guda. A 1955 an sayar da tikitin silima sama da miliyan 800 a Italiya, kuma a shekarun 1960 ana fitar da fim sama da 200 a shekara. In wani fim ya ci kasuwa, sai furodusoshi su yi caa a kan irinsa har sai rijiyar ta ƙafe, su koma wata. Darakta ɗaya zai yi barkwanci bana, kaboyi baɗi, ban tsoro shekara mai zuwa. A lokacin ba a ɗaukar murya a lokeshan, daga baya ake ɗora ta a sutudiyo, don haka ana iya haɗa Ba'amurke da Bajamushe da ɗan Sifen a fim ɗaya kowa na yarensa. Da yawa daga finafinan kaboyin da iyayenmu da yayyenmu suka kalla a silima, 'yan Italiya ne suka yi su, akasari a busasshiyar ƙasar Almeriya ta Sifen. Terence Hill sunansa na yanka Mario Girotti, Bud Spencer kuma Carlo Pedersoli. Sergio Leone kansa da sunan Bob Robertson ya fitar da kaboyinsa na farko a 1964. Dario Argento, kafin ya zama sarkin ban tsoro, yana cikin waɗanda suka tsara wa Leone labarin C'era una volta il West, tare da Bernardo Bertolucci.

Fim ɗin Argento na farko, L'uccello dalle piume di cristallo, ya fito a farkon 1970. Wani marubuci yana tafiya da dare sai ya hango mace da namiji na kokawa da wuƙa a cikin gidan nuna zane. Ya ruga taimako, ya maƙale tsakanin ƙofofin gilashi biyu, yana gani ba ya iya komai. Sai a ƙarshen fim ya gane cewa idonsa ya yaudare shi game da wanda ke riƙe da wuƙar. Wata biyu kafin fitowar fim ɗin, ranar 12 ga Disamba 1969, bam ya tashi a wani banki a dandalin Fontana na Milan, mutum 17 suka mutu. Hukuma ta yi wuf ta kama 'yan adawa da tsarin mulki na ɓangaren hagu, ɗayansu, Giuseppe Pinelli, ya faɗo daga tagar ofishin 'yan sanda ya mutu. Daga baya ta tabbata cewa 'yan ra'ayin Fasist ne suka dasa bam ɗin. A farkon 1970 ɗin dai Elio Petri ya fitar da fim ɗinsa na babban ɗan sanda da ya kashe farkarsa, ya bar shaida ko'ina da gangan, don ya gwada ko akwai mai iya tuhumarsa. Ennio Morricone ne ya yi wa finafinan biyu kiɗa. Na Petri ya ci Oscar, ana kiransa fim ɗin siyasa. Na Argento ana kiransa na kasuwa. Ba na cewa Argento ya zauna da niyyar yin sharhi kan bam, amma mutanen da suka cika silima suna kallonsa mutane ne da suka fara shakkar duk abin da aka nuna musu, kuma ya taɓa musu daidai wurin da ke ciwo.

Lucio Fulci ya fi kowa nuna abin da nake nufi. Ya fara ne da rubuta barkwanci a ƙarƙashin Steno, ya yi wa Totò da Sordi aiki, ya ba da umarnin finafinan ban dariya masu yawa kafin duniya ta san shi da gawarwaki masu tafiya. A 1972 ya yi Non si sevizia un paperino. Ana kashe yara maza a wani ƙauyen kudu, sabuwar babbar hanya ta ratsa ta saman duwatsun garin ba ta tsaya ba. Mutanen gari suka ce wata mata mai zaman kaɗaici ce, mayya ce. 'Yan sanda suka bincika suka sake ta, don ba ta da hannu. Maza suka tare ta a maƙabarta da sarƙoƙi da sanduna, suka ƙure rediyon mota yana waƙar soyayya don kada a ji ihunta. Ta ja jiki har bakin babbar hanyar, ta ɗaga hannu, motocin masu tafiya hutu na wucewa da yara a ciki, ba wanda ya taka birki. Mai kisan kuwa ashe matashin malamin cocin garin ne, wanda ya ga gara yaran su mutu da su girma su yi zunubi. Na kalli wannan fitowa sau ɗaya, ban iya maimaitawa ba, domin na san ba a Italiya kaɗai ake yi wa mace haka da zarar an laƙaba mata maita ba. Garin da Fulci ya nuna shi ne garin da Germi ya nuna, mazan majalisar nan ne dai, sai dai wannan karon an cire dariyar.

Ba ina wanke wannan salo ba ne gaba ɗaya. Da yawa daga finafinan jallo jikin mace suke sayarwa, a tuɓe ta sannan a yanka ta, kyamara na lasar baki. Cannibal Holocaust na Ruggero Deodato, wanda ya taɓa zama mataimakin Rossellini, an kashe dabbobi na gaske a gaban kyamara don a yi wannan fim na 1980, kuma babu hujjar fasaha da za ta goge wannan. Amma a 1977, shekarar da Argento ya fitar da Suspiria, Monicelli da kansa ya tsallaka katangar. A Un borghese piccolo piccolo, Sordi ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne da ke lasar takalmin manya don ya sama wa ɗansa tilo aiki. Rabin farko dariya ce. Ranar jarrabawar ɗaukar aiki, harsashin 'yan fashin banki ya sami yaron a titi. Uban ya gano wanda ya yi harbin, ya ƙi miƙa shi ga hukuma, ya kai shi wata bukka ya ɗaure da waya yana azabtar da shi har ya mutu. Shekara ɗaya bayan haka aka sace tsohon firaminista Aldo Moro, aka kashe shi bayan kwana 55. Gidajen talabijin masu zaman kansu, waɗanda kotu ta buɗe wa ƙofa a 1976, suka kwashe 'yan kallo, silimomin unguwa suka yi ta rufewa, masana'antar da ke ciyar da Bava da Fellini a akushi ɗaya ta durƙushe.

Akwai wuri ɗaya da wannan jarumtaka tasu ta gaza, kuma ya shafe mu. Italiya ta mallaki Eritiriya da Somaliya, ta shiga Libiya a 1911, ta tsare dubban mutanen gabashin ƙasar a sansanoni, ta rataye Umar Mukhtar a 1931, ta yi wa Habasha ruwan iskar guba a yaƙin 1935 zuwa 1936. Masu fim ɗin da suka yi wa sojansu, cocinsu da dokarsu tsirara, da suka iso nan sai murya ta yi ƙasa. A 1966 Gillo Pontecorvo ya ci Zakin Zinariya da fim ɗinsa kan yaƙin 'yancin Aljeriya, aiki ne na gaske, amma mulkin mallakar Faransa ya tona. A wannan shekarar kuma Jacopetti da Prosperi suka fitar da Africa addio, wanda ya nuna nahiyarmu a matsayin mahauta da zarar Bature ya juya baya. Fim ɗin Umar Mukhtar da muka sani, wanda Anthony Quinn ya fito a ciki, Mustafa Akkad ɗan Siriya ne ya yi shi, kuma an toshe masa hanya a Italiya, sai 2009 wata tashar talabijin ta nuna shi. Monicelli ya kai kyamararsa ga yaƙin Libiya a fim ɗinsa na ƙarshe a 2006, yana da shekara sama da 90, amma wahalar sojan Italiya ce a gaba, mutanen ƙasar na gefe.

Shi ya sa na zauna kallon Io capitano na Matteo Garrone, na 2023, da zuciya biyu. Samari biyu ne daga Dakar suka kamo hanyar Turai, suka biyo ta Agadas, suka hau bayan a-kori-kura cikin Sahara, wani ya faɗo direba bai tsaya ba, suka shiga hannun masu azabtar da mutane a Libiya don a turo kuɗin fansa. Garrone ya bar su suna magana da Wolof, ya ba su suna da uwa da ƙanne da buri, ya ci kyautar darakta a Venis, yaron da ya ja fim ɗin, Seydou Sarr, shi ma ya samu tasa. Na yaba masa. A ƙarshe masu safara suka damƙa wa yaro ɗan shekara 16 da bai iya ko iyo ba tuƙin jirgin ruwa maƙare da mutane, ya kai su gaɓar Sisili ba wanda ya mutu, jirgi mai saukar ungulu na shawagi a kansa, yana ihu yana kuka yana cewa shi ne kyaftin. Nan Garrone ya tsayar da kyamara, kan fuskar yaron, tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasar Italiya ba. A dokar ƙasar, wanda aka samu riƙe da sitiyarin irin wannan jirgi shi ake fara kamawa da laifin safarar mutane, kuma an ɗaure samari 'yan Afirka masu yawa a kan haka. Ɗan sandan da zai sa masa ankwa a tashar jirgin, da alƙalin da zai yanke masa hukunci, da manomin da zai ɗauki abokan tafiyarsa tsinkar tumatir a kan ladan da bai kai ya kawo ba, duk 'yan Italiya ne, irin mutanen da Germi da Monicelli suka san yadda ake zaunar da su gaban kyamara. Wannan rabin labarin Garrone bai ɗauka ba.